Motar Yaya Isaka a Bayan Igiya

Cikin watan nan Yaya Isaka ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Na so a ce yabo na zauna rubutawa, irin wanda ake yi wa mamaci a ji daɗi a shafa fatiha. Amma bana raina a ɓace yake, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da wanda zan huce a kansa sai ni kaina. Maganar mota ce, da wata tsohuwa da na yi wa laifi.

Ga wanda bai san shi ba, Isaka wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara goma. Makanike ne, fitta kamar yadda muke cewa a nan Tamale. Ni aka sa a boko na zama malamin makaranta, shi kuwa ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin mota, kuma har ya koma ga Allah yana yi mini kallon mutumin da bai iya komai da hannunsa ba. Ban taɓa yi masa musu ba, don ko ƙusa na buga sai ta lanƙwashe.

A shekarar da aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu, yana aiki a wani garejin gwamnati a ƙarƙashin wani Bature mai baƙar mota, doguwa, mai dogon hanci, irin wadda ake tayarwa da handul. Motar ta karye a hanyar Salaga, aka jawo ta aka yasar a bayan garejin. Baturen yana ta haɗa akwatunansa zai koma ƙasarsu, ba ta mota yake yi ba. Da Yaya ya tambaye shi yadda za a yi da ita, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce in yana so ya ɗauka, ai ta mutu. Mu muka turo ta da ƙarfin tuwo tun daga can har ƙofar gidanmu a Moshi Zongo, muna gumi, mata na leƙowa ta katanga suna mana dariya.

Damina guda cur ya yi a kanta. Kayan gyara babu, wa zai aiko wa ɗan zongo da su daga Ingila? Sifirin ɗin baya da ya karye, ya samo na wata matacciyar babbar mota ya kai maƙera, shi da maƙerin suka yi kwana uku suna dukansa har ya zauna daram. Ya ɗaga ta sama da kusan taƙi guda, don ya ce wanda ya ƙera ta bai taɓa ganin hanyar Yendi da damina ba. Lagireto ya yi masa faci da tagulla. Ƙofar gaba ta gefen fasinja ba ta kamawa, ya sa aka ƙera mata sakata irin ta ƙofar ɗaki. Kujeru kuwa gara ta gama da su, sai ya kira baduku ya lulluɓe su da jar fata. Ranar da ta tashi, ta yi tari, ta yi mita, ta fesa wa kowa hayaƙi, sannan ta kama. Wata tsohuwa a layinmu ta ce wannan ai halin gwaggonta ne sak idan aka tashe ta da safe. Tun daga ranar sunan motar ya zama Gwaggo.

Ku da kuka tashi kuka tarar da taksi a kowace kwana ba za ku gane ba. A lokacin, a ce ɗan zongo na da ƙaramar mota irin ta manyan ma'aikata, abin ya fi ƙarfin baki. 'Yancin kan da ake ta faɗa a rediyo, mu a jikin Gwaggo muka fara ganinsa da idonmu. Motar Bature ce, ga ta a ƙofar gidanmu da 'yar tuta mai baƙin tauraro a hancinta, ɗan uwanmu a sitiyari. Kuma bai taɓa yi wa kowa rowarta ba. Ta kai mai naƙuda asibiti, ta kai amare ɗakunansu, ta ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan da babbar mota ma ke tsoro. Ta ƙetare kogi a jirgin fito na Yeji ban san sau nawa ba.

Amma idan gaskiya za a bi, mai Gwaggo ita ce matarsa, Azumi. Ni Yaya Azumi nake ce mata, ita kuma ta ce mini Ticha, kuma kamar yadda aka saba tsakanin matar wa da ƙanin miji, ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba a tsokani juna ba. Kowace Juma'a da hantsi takan fito da ƙoƙon man kaɗanya ta bi kujerun nan ɗaya bayan ɗaya tana shafawa don kada fatar ta tsage. In ka shiga motar, har rigarka sai ta ɗauki ƙanshin. Ita ta ɗinka labulen gilashin baya. Kujerar gaba tata ce ita kaɗai, in na riga ta zama sai ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ticha, sauko. Wanda bai iya murɗa handul ba, baya ce tasa."

Wani lokaci nakan tsaya a garejin da ke bakin hanyar Gurugu in kalli makanikan yanzu. Abu ya ɗan yi ƙara, sai a kwance shi a wurgar, a hau babur a sayo wani. Na san da Yaya na nan da tsaki kawai zai yi ta ja. Shi a wurinsa yar da ƙarfe abin kunya ne. In ya ga wani zai jefar da abu sai ya tare shi ya ce, "Ka tambaye shi abin da ke damunsa tukuna?" Na daɗe ina yi wa yaran nan faɗa a zuciyata, ina ganin kaina na gidan masu sanin darajar ƙarfe. Ashe na fi su ɓarna.

Gwaggo ta daina fita 'yan shekaru kafin rasuwarsa. Ita ba ta gaza ba, shi ne gwiwa da baya suka hana shi durƙuso. Tana nan a gindin dogon yaro a ƙofar gida, Azumi kuma ba ta fasa shafa mata man ba. Da ya rasu, ko sadakar arba'in ba a yi ba 'yan kondem, masu sayen tsohon ƙarfe su sassara, suka fara zarya. 'Ya'yansa sun watsu a kudu wurin neman abinci, kowa ya ce Baba Ticha ya yi abin da ya ga ya dace. Ana cikin haka sai ga wani mutum daga Kumasi, wakilin wani attajiri da ke tara tsofaffin motoci a wani gida da ya gina musu don jama'a su riƙa zuwa kallo. Ya zagaya Gwaggo yana gyaɗa kai, ya ce irinta ta yi wuya, za su kula da ita sosai. Na ji daɗi har cikin raina. Na ce Allah ne ya kawo shi.

Ga inda na tafka wautar. Azumi tana cikin takaba. A al'adar unguwarmu mai takaba ba ta leƙa ƙofar gida, namiji kuma ba ya kai mata maganar duniya. Da wannan na fake. Na ce wa kaina alheri nake yi mata, gara a ɗauke motar ba ta gani ba, kada a tayar mata da kuka. Ko mace ɗaya ban aika ta shaida mata ba, alhali ga matata, ga 'yan uwanta cike da gida. Aka zo da babbar mota da hantsi aka ɗora Gwaggo aka tafi. Daga baya na ji cewa tana zaune a kan tabarma ta ji ƙarar sarƙa, ta tambaya me ake ja a waje, mata suka yi tsit. Ranar da ta fita takaba ta zo ƙofar gida, tabon baƙin mai ta tarar a ƙasa.

Ba ta ce mini uffan ba, a ranar ko bayanta. Ni kuwa na shiga hura hanci a majalisa, ni na ceci motar Yaya daga hannun 'yan kondem, yanzu tana gidan tarihi ana zuwa kallonta daga ƙasashe. Shekara goma ina wannan cika baki ban taɓa taka ƙafata na je na gani ba.

Bara ciwon suga ya ƙarasa rufe mata ido. Wata uku da suka wuce ta aika Nyohini, unguwar da nake zaune, aka kira ni. Na same ta a tsakar gida, bayan gaisuwa ba ta yi wani kewaye-kewaye ba.

"Ticha, kai ka fitar da ita ina ɗaki. Kai za ka kai ni in yi sallama da ita. Ido ya tafi, amma hannuna ya san ta."

Na fara inda-inda, hanya da nisa, jikinta ba ƙwari, a bari sanyi ya wuce.

"Ban tambaye ka nisan Kumasi ba," in ji ta. "Na je ta a motar da ta fi ka hankali."

Haka muka hau bas, ni da ita da matata mai riƙe mata hannu. Tsohuwar nan ta sha jijjiga yini guda ko ƙorafi ba ta yi ba, sai ma labarin hanyar da take ta ba mu, inda taya ta taɓa fashewa, inda suka taɓa kwana jiran jirgin fito. Ni kuwa a raina murna nake yi. Na ce yau dai za ta ɗora hannu a kan motar, ta ji an adana ta, ta san ban yi mata mugunta ba.

Wurin a bayan gari yake, wani ƙaton zaure kamar sito, daɓen ƙasa na walƙiya. Ba zan ci haƙƙinsu ba, ya yi kyau. Motoci ne a jere hagu da dama, wasu masu ƙafafun waya kamar keke, wasu ba rufi, wasu da fitilu tulu-tulu a gaba. Kowace an kewaye ta da jar igiya, da ɗan allo a gabanta. Sau biyu ina wuce Gwaggo ban gane ta ba, wallahi sai da na karanta lamba. Ta yi baƙi wuluk, tana sheƙi har kana ganin fuskarka, ta yi ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa. A allon an rubuta garin da aka ƙera ta, da ƙarfin injinta, sannan a ƙasa an ce an samo ta a arewa cikin mummunan hali. Mummunan hali! Na haɗiye, ban karanta wa Azumi wannan layin ba.

Mai kula da wurin wani dattijo ne Kirista, Mista Mensa, wanda ya taɓa aikin gwamnati a Tamale yana da Hausarsa ta kasuwa. Matata ta matso da Azumi, ta miƙa hannu, igiya ta tare ta a ciki. Nan take ya ƙaraso da sauri.

"Mma, ka yi haƙuri, ba a taɓa. Oga ya hana. Ido kawai."

Kai, ban san lokacin da na fashe ba. Na ce ido kawai? Wane idon? Ya dube ta mana! Na ɗaga jijiyar wuya ina gaya masa ko mu su waye, har 'yan kallo suka fara juyowa. Sai na ji an ja mini riga.

"Ticha, ba a aji kake ba. Rufe mana baki." Ta juya inda ta ji muryarsa. "Bawan Allah, na fi shekara talatin ina shafa wa motar nan mai da hannun nan. Daga Tamale na taso. Ka ba ni ɗan lokaci kaɗan, ba zan ɓata muku komai ba."

Ya waiwaya ya dubi ƙofa, sannan ya kwance igiyar da hannunsa. Allah ya saka masa da alheri, abin da hargowata ba ta samo ba ta same shi da magana biyu.

Da ƙofar gaba ta fara. Na ga yatsunta suna hawa suna sauka a inda sakata take, suna nema. Babu sakata, sai wani mariƙi sumul mai sanyi. Mista Mensa ya buɗe mata. Ta sunkuya ta cusa kai ta shinshina, ta daɗe a haka. Ta shafa kujera, ta matsa ta, ta sake shafawa. Ta lalubi gilashin baya. Ta fito ta jingina gwiwarta da gefen motar tana auna tsayinta.

"Ta gajarce," in ji ta. "Kuma wannan ba fatarmu ba ce."

Sai fuskar Mista Mensa ta washe, shi a zatonsa yabo ne.

"Mma, ka gane ko? Mun gyara shi duka. Duk aikin daji da aka yi masa mun cire. Sifirin, kujera, lagireto, ƙofa, duka orijina daga Ingila. Yanzu ya koma yadda Bature ya yi shi."

Aikin daji. Daminar Yaya guda, da kwana ukun maƙera, da Juma'o'in Azumi, sunansu ke nan a Kumasi. Mutumin bai faɗa da mugunta ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don da zagi ne da na san yadda zan rama.

Ta tambaye shi ko motar tana tafiya. Ya ce a'a, ba a fita da shi, hanya zai lalata shi. Sannan ta yi tambayar da ni malamin makaranta ban yi ba shekara goma da suka wuce.

"Abubuwan da kuka cire, ina kuka ajiye su?"

"Ah, Mma, wannan ya daɗe. 'Yan kondem sun kwashe."

Azumi ta zare hannunta daga jikin motar a hankali, ta goge shi a zaninta, ta yi masa godiya kamar yadda ake yi wa mai masauki, ta ce wa matata su tafi. Ina bayansu na ji ya mayar da ƙugiyar igiyar.

A hanyar dawowa bas ta tsaya a Kintampo fasinja su yi salla su ci abinci. Matata ta je sayo ruwa, muka rage mu biyu a kan benci. Na ce, "Yaya Azumi, ki yafe mini."

"Na yafe maka tun ban fita takaba ba," in ji ta. "In ban yafe wa ƙanin Isaka ba, wa zan yafe wa? Amma ka san abin da ka yi? Shekara goma, duk lokacin da kewarsa ta taso mini, sai in ce Gwaggo tana can Kumasi da sakatarta da kujerunta, in ji sanyi. Yau wannan ma babu. Sau biyu ke nan ka raba ni da ita."

Na buɗe baki in ce ai ita ta matsa a zo, Allah ya taimake ni na rufe shi. Da na je tun farko na gani da idona, da na san abin da zan gaya mata da abin da zan ɓoye.

Tun da muka dawo nake tambayar kaina abin da Yaya zai ce da ya shiga zauren nan. Sheƙin ba zai burge shi ba, wannan na tabbata. Zai durƙusa ne ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga sifirin ɗin Ingila, ya tambaye su ko sun san shi ne wanda ya karye a hanyar Salaga. Su masu gidan ba su yi sata ba, ba su yi ƙarya ba. Sun ce za su kula da ita, sun kula da ita yadda suka san kulawa. Motar Bature suke nema, sun kuma same ta. Ni ne na miƙa musu ta Isaka ban tambaye su komai ba, saboda mutumin ya zo da takarda da Turanci mai daɗi, ni kuma irin wannan shi ke ruɗa ni tun ina saurayi. Da na bar ta a gindin dogon yaro da ta yi tsatsa, awaki su kwanta a ƙarƙashinta, amma da matarsa ta san inda za ta kai hannunta.

To me ya rage na Yaya Isaka? Na duba, a Kumasi babu ko ƙusa ɗaya tasa. Ƙarfen da ya daka wataƙila yanzu rodi ne a ginin wani, ko murhun gawayi. Akwai dattawa a Moshi Zongo da a motarsa aka kai uwayensu haihuwarsu, suna tuna shi in an ambace shi, amma ba su san yadda ya yi ta tashi ba. Wadda ta san aikin hannunsa gaba da baya, ta san inda kowane faci yake ba tare da ta gani ba, mutum ɗaya ce, kuma ta tsufa. Ita ce na ƙi tambaya.

Washegarin dawowarmu matan unguwa suka cika tsakar gida yi wa Azumi barka da hanya. Ina zaune a gefe a kan kujera. Wata tsohuwa, wadda a Gwaggo aka kai ta ɗakin miji, ta matso ta kama hannunta ta ce, "Azumi, yaya kika baro mana Gwaggo?"

Na sadda kai ina jiran abin da ya cancance ni.

"Tana nan lafiya lau," in ji Azumi. "An yi mata sabon fenti, ko ƙura ba ta taɓa ta. Ticha ya yi ƙoƙari."

Sai suka juyo kaina suna sa mini albarka ɗaya bayan ɗaya, Allah ya biya ka, Allah ya ba ka masu yi maka. Ina ta cewa amin, amin. Ita kuwa tana zaune ta fuskanci inda muryata take fitowa.